Yadda Ake Ɗaura Mariƙi a Injin Juya Katako Ba Tare da Haɗari Ba: Shawara ga Kafintoci da Masassaƙan Ɗan Kassari da Kewaye

Gabatarwa

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Arewa ta jihar Dosso. Turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata da ƙotar fartanya, duk da gatari da gizago aka saba fitar da su. Amma a garuruwan da ke bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, irin su Ɗan Kassari da ke tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, da kuma garuruwan gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a shekarar 2011, duk inda aka samu wutar lantarki ko janareta, kafinta yakan yi sha'awar injin juya katako. Da shi ake fitar da ƙafafun gado da na tebur, da akussa da faranta masu sulɓi, cikin ɗan lokaci kaɗan.

Wannan inji yana da bambanci da sauran kayan aikinka. Idan kana aiki da zarto ko gizago, katako yana zaune, ƙarfe ne ke motsi. A nan kuwa katakon ne ke gudu, kai kuma kana tsaye a gabansa. Abin da ya raba fuskarka da wannan katako shi ne mariƙi, wato dunƙulen ƙarfen da ke damƙe shi. Darasin wannan shafi guda ne: ba ƙarfin murɗa makulli ke riƙe katako ba, zama daidai ne ke riƙe shi. Ɗauri biyu ne a injin, na mariƙi a jikin inji da na katako a bakin mariƙi, kuma dole kowannensu ya zauna daram kafin ka kunna.

Sassan da ya kamata ka sani

Waɗanda suka koyi aiki da Faransanci suna ce wa injin "tur", mariƙin kuma "mandaran". A wannan shafi za mu yi amfani da waɗannan sunaye:

• Mazari: sandar ƙarfen da ke juyawa a kan inji, a hannunka na hagu. A bakinta akwai zaren ƙarfe irin na noti.
• Kafaɗa: shimfiɗaɗɗen tudun da ke bayan zaren mazari, inda bayan mariƙi ke zuwa ya dafe.
• Muƙamuƙai: ƙarafa huɗu da ke buɗewa da rufewa tare idan aka murɗa makulli.
• Matokari: sashen da ke hannunka na dama, mai tsinin da ke tokare ɗaya ƙarshen katako.
• Majingini: ƙarfen da kake ɗora kurfi a kansa lokacin yanka.

Juya katako ba sabon abu ba ne a duniya. Akwai zanen mutum biyu suna wannan aiki a wani kabari na ƙasar Masar, tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a kasuwar Marakesh ta ƙasar Maroko ana juya katako da baka da igiya. Mariƙi mai muƙamuƙai huɗu na aikin katako kuwa bai daɗe ba: kamfanin Teknatool na ƙasar Niyu Zilan ya fito da irinsa mai suna Nova a shekarar 1988. Injin hannu yana tsayawa da zarar hannu ya tsaya. Mai wuta ba ya jiran kowa.

Ɗauri na farko: mariƙi a kan mazari

Sau da yawa injin da ke isowa hannun mai sana'a a karkara na hannu ne, ko kuma haɗin gida. Ana iya sayen inji a Yamai, a sayo mariƙi a Sakkwato ko Kano, alhali ƙasashen da suka ƙera su ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Injunan Turai da yawa suna da zare mai kaurin milimita 33, da tazarar milimita 3.5 tsakanin tudu da tudu. Na Amurka sukan zo da kaurin inci 1 ko inci 1 da kwata, da tudu 8 a kowane inci. Inci 1 da kwata daidai yake da milimita 31.75, saboda haka mariƙin milimita 33 zai iya hawa wannan mazari ya yi kamar ya kama, alhali a bakin zare kawai yake rataye.

Ga yadda za ka tantance. Ka auna kaurin mazari. Sannan ka ɗora ma'auni a kan zaren, ka ƙirga tazara goma. Idan ka samu milimita 35, zaren Turai ne. Idan ka samu kusan milimita 32, na inci ne. In mariƙi da mazari ba su dace ba, akwai zoben haɗi mai zare ciki da waje da ake sayarwa, ko kuma makanikin da ke da injin yanka zaren ƙarfe ya ƙera maka. Kada ka cike giɓi da leda, ko tsumma, ko robar tayar keke. Kada kuma ka yi wa mariƙi walda a jikin mazari, domin zafi yana lanƙwasa ƙarfe, ya kuma lalata boris.

Bayan ka tabbatar zaren ya dace, sai ka bi waɗannan matakai:

1. Kashe inji, ka zare wayarsa daga soket. Idan janareta ko injin gas ne ke ja da bel, ka kashe shi gaba ɗaya.
2. Goge zaren mazari, da kafaɗa, da cikin mariƙi da tsohon buroshin haƙori. A wannan ƙasa tamu ta yashi, ƙwayar rairayi ɗaya a kan kafaɗa ta isa ta karkatar da mariƙi. Ɗigon mai ɗaya ya wadatar. Mai da yawa ƙura yake tarawa.
3. Shimfiɗa ɗan allo a kan gadon inji, ƙarƙashin mazari, domin kare yatsunka da zaren idan mariƙi ya suɓuce.
4. Riƙe mazari ya tsaya cik, ka tallabi mariƙi da hannu biyu, ka murɗa shi a hankali. Ya kamata ya shiga da hannu kawai. Idan ya cije tun a juyi na farko ko na biyu, ka warware ka sake. Kada ka taɓa kunna inji domin ya ja mariƙi da kansa.
5. Ci gaba har bayan mariƙi ya dafe da kafaɗa, sannan ka ƙara masa ɗan matsi guda. Ka leƙa ta gefe: bai kamata haske ya ratsa tsakaninsu ba, ko takarda ta shiga.
6. Idan mariƙin yana da ƙaramin notin kulle a gefensa, ka ɗaure shi a kan gurbin da aka tanada a mazari, ba a kan zare ba. Ka tuna ka sassauta shi kafin ka cire mariƙi.
7. Juya mariƙi da hannu, sannan ka koma gefe ka kunna inji a mafi ƙarancin gudu ba tare da katako ba. Idan yana rawa, ka kashe ka nemi dalili.

Me ya sa mariƙi ke kwancewa?

An yanka zaren mazari ta yadda aiki da kansa ke ƙara ɗaure mariƙi. Idan kana tsaye a gaban inji, saman katako yana gangarowa wajenka ya faɗa kan kurfi, kuma wannan turjiya tana ƙara murɗa mariƙi ciki. Abu biyu ne ke juya wannan lissafi.

Na farko shi ne juyin baya. Mota mai layin wuta uku tana juyawa baya da zarar an musanya wayoyi biyu. Mota mai layi ɗaya ma tana iya dawowa daga wurin mai naɗin waya tana juyin baya, idan an haɗa wayoyin tashinta a juye. Haka nan idan aka harɗe bel, ko aka mayar da mota ɗaya gefen. Don haka duk ranar da aka gyara mota, ko aka canja janareta, ko aka taɓa wayoyi, ka cire mariƙi, ka kunna inji, ka ga inda mazari ya nufa da idonka.

Na biyu shi ne tsayawar farat ɗaya. Idan mazari ya tsaya nan take, katako mai nauyi yana son ya ci gaba da juyawa, sai ya ja mariƙi ya warware shi daga zare. Saboda haka kada ka tsayar da inji ta hanyar danna bel ko fuli da itace, kada kuma ka tare katako da tafin hannu. Ka bar shi ya tsaya da kansa.

Ɗauri na biyu: katako a bakin mariƙi

Da farko ka duba muƙamuƙan kansu. Kowanne yana da lamba daga 1 zuwa 4, kuma dole ya hau mazauninsa mai irin lambarsa, notocinsa duka a ɗaure. Idan aka buɗe su fiye da kima, haƙori ɗaya ko biyu ne kawai ke riƙe da su a ciki, kuma muƙamuƙi na iya fita kamar dutsen majajjawa. In ka ga mazaunansu sun zarce jikin mariƙi sosai, katakon ya fi ƙarfin waɗannan muƙamuƙai.

Ba a cusa gungume yadda yake a bakin mariƙi. Ana fara ɗora shi tsakanin tsini biyu, na mazari da na matokari, a mulmule shi, sannan a fitar masa da ɗan wuya a gindi wanda muƙamuƙai za su kama. Ingancin aikin duka yana ga wannan wuya:

• Kaurinsa: ka rufe muƙamuƙai har ya rage tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninsu, ka auna da'irar ciki. Wannan ne kaurin da ya dace, domin a nan ne ƙarfe ke rungume katako ko'ina. Idan wuya ya yi kauri da yawa, kusurwoyi takwas ne kawai ke taɓa shi.
• Tsawonsa: kada ƙarshen wuya ya taɓa ƙasan muƙamuƙai. Ka bar giɓin milimita 1 ko 2.
• Kafaɗarsa: katakon da ke kewaye da wuya ya zama shimfiɗaɗɗe, ya kwanta a kan fuskar muƙamuƙai huɗun. Wannan kafaɗa ce ke hana katako karkacewa idan kurfi ya cije. Kamar yadda mariƙi ke dafe da kafaɗar mazari, haka katako ke dafe da fuskar muƙamuƙai.
• Siffarsa: muƙamuƙai da yawa cikinsu a karkace yake, bakin ya fi ƙasan matsewa. Ka yanka wuya da irin wannan karkata, ƙarshensa ya ɗan fi gindinsa faɗi. In muƙamuƙan miƙaƙƙu ne, wuya ma ya zama miƙaƙƙe.
• Girmansa a kan aikin: masu koyar da sana'ar da dama suna ba da shawarar wuya ya kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na faɗin akushi. Akushi mai faɗin santimita 30 yana bukatar wuya na santimita 9 zuwa 12. Ƙananan muƙamuƙai na santimita 5 ba su dace da shi ba.

Akwai kuma hanyar haƙa gurbi a gindin faranti, a buɗe muƙamuƙai a cikinsa. Tana da kyau ga faranti mai faɗi, amma matsinta waje yake turawa, kamar yadda ake faskare. Ka bar katako mai kauri kewaye da gurbin, kada kuma ka matsa da ƙarfi.

Lokacin ɗaurewa, ka danna katako da matokari ya zauna sosai, ka murɗa makulli a kowace kafa da mariƙin ke da ita. Ƙarfin hannu ya isa. Sa bututu a makulli domin ƙarin ƙarfi yana murƙushe wuya ne, ya raunana shi. Da zarar ka gama, ka zare makulli. Ka ɗauki wannan a matsayin doka: hannunka ba ya rabuwa da makulli muddin yana jikin mariƙi. Ka bar matokari yana tokare da aikin iya lokacin da zai yiwu, musamman idan tsawon katako ya wuce kaurinsa sau uku.

Halin itacen da kake juyawa

Kirya tana da tauri da nauyi, shi ya sa ake yin turmi da ita. Wuyanta yana riƙo, amma nauyinta yana bukatar gudu kaɗan. Aduwa da maɗaci da dogon yaro, wanda ake kira bedi, duk suna juyuwa. Itace mai taushi kuwa muƙamuƙai na nutsewa a cikinsa, saboda haka yana son wuya mai faɗi. Kowane iri ne, kada ka fitar da wuya a kan ɓawo, ko inda gara ta ci, ko inda tsaga ta ratsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka ƙwanƙwasa gungumen: idan ya yi amon fanko, ka ajiye shi.

Ɗanyen itace yana ƙanƙancewa idan yana bushewa, kuma ba daidai yake ƙanƙancewa ta kowane gefe ba. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da kuma bazara, wuyan da ka ɗaure da safe yana iya yin sako-sako kafin azahar. Ka tsayar da inji bayan yankan farko ka ƙara ɗaurewa, haka nan bayan kowane hutu. Akushin da ya kwana biyu a ajiye, wuyansa ya zama kamar ƙwai. Sai ka mayar da shi tsakanin tsini biyu ka sake daidaita shi.

Abin lura: dokar gandun daji ta Nijar mai lamba 2004-040, ta ranar 8 ga Yuni 2004, ta tanadi kariya ga wasu itatuwa. Kafin ka sare ko ka sayi gungume, ka tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumarka.

Gudun inji

Ɗauri mai kyau ma yana da iyaka. Ƙarfin da ke fizgar katako waje yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Motar lantarki da aka fi samu tana juyi kusan 1,450 a minti, wata kuma kusan 2,900. Idan ka ɗora akushi mai faɗin santimita 30 a juyi 1,450, bakinsa yana gudun fiye da kilomita 80 a awa. Guntu mai nauyin rabin kilo da ke santimita 12 daga tsakiya yana jan jikinsa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 140. A juyi 500, ƙarfin bai wuce na kilo 17 ba.

Wani malamin wannan sana'a ɗan Amurka, Dale Nish, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙi. In an mayar da ita santimita, ga ta: faɗin katako sau yawan juyi a minti ya kasance tsakanin 15,000 da 23,000. Wato katako mai faɗin santimita 10 yana ɗaukar juyi 1,500 zuwa 2,300, mai santimita 30 kuwa 500 zuwa 760. Wannan lissafi na katako lafiyayye ne da aka riga aka mulmule. Gungume mai tudu da kwari ƙasa da haka ake fara shi.

Idan injinka haɗin gida ne, kana iya lissafa gudunsa. Ka ninka juyin mota da faɗin fulinta, ka raba da faɗin fulin mazari. Mota mai juyi 1,450 da fuli na santimita 6, tana jan fuli na santimita 18, tana ba da juyi kusan 480.

Idan ba ka da mariƙin katako

Mariƙi mai muƙamuƙai uku na injin yanka ƙarfe ba na katako ba ne. Muƙamuƙansa sirara ne, suna huda katako maimakon su rungume shi, kuma suna fitowa waje inda za su kama yatsa ko kurfi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙafar gado da ta tebur da taɓarya ba su bukatar mariƙi. Tsini biyu sun ishe su. Akushi kuwa ana iya ɗaura shi a faifan ƙarfe mai hawa zaren mazari, da ƙusoshi masu zare, waɗanda ake kira bis. Ka sa ƙusa a kowane rami, masu kauri, su shiga katako aƙalla santimita 2. Kada ka yi amfani da ƙusar bugawa, ko baƙaƙen bis sirara, domin karyewa suke yi nan take. Ka sani kuma bis ba ya riƙo sosai idan ya bi tsawon jijiyar itace. A nan sai ka ƙara tsawonsa, ka kuma tokare da matokari.

Kafin ka kunna

• Juya katako da hannu zagaye ɗaya, ka tabbatar bai taɓa majingini ba.
• Duba cewa makulli da sifana suna ajiye, bel kuma yana kan gudu mafi ƙanƙanta.
• Tuɓe babbar riga da rawani, ka naɗe hannun riga, ka cire carbi, zobe da laya mai igiya. Kada ka sa safar hannu, kada kuma ka naɗe tsumma a yatsa lokacin goge aiki.
• Sa garkuwar fuska mai ƙwari. Tabarau idanu kawai yake karewa. Ka rufe hanci saboda ƙura.
• Tsaya gefe lokacin kunnawa. Katako yana fita ne ta gaba ko ta baya, daidai saitin juyinsa, saboda haka kada wannan saiti ya kalli ƙofa, ko hanya, ko bencin masu hira.
• Idan wuta ta ɗauke, ka kashe makunni nan take, domin kada inji ya tashi da kansa lokacin da ta dawo.
• In kana da yaran shago, kada ɗayansu ya kunna inji sai ka duba ɗaurin biyu da hannunka. Ƙananan yara kuwa su yi nisa.

Alamun haɗari da abin yi

Ka kashe inji nan da nan idan ka ji amon yanka ya canja, ko ƙas-ƙas a kowane juyi, ko inji ya fara girgiza, ko ka ga katako yana rawa. Duk lokacin da kurfi ya cije da ƙarfi, ka tsaya ka duba wuya. In ya tsage, ka yanka sabo. Idan katako ya kuɓuce, kada ka yi ƙoƙarin cafe shi.

Idan wani ya ji rauni, a danne wurin da ke jini da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti mafi kusa, a kuma tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki. In wani abu ya soki ido, kada a cire shi, kada a murza. A rufe idon ba tare da dannawa ba, a garzaya asibitin gunduma a Dogon Dutsi. Wanda katako ya buga a ka, ya suma, ko yana amai, ko ya rikice, a kai shi ko da babu jini a waje.

Kammalawa

Binciken da aka zayyana a nan ba ya cin minti biyar: zare ya dace, mariƙi ya dafe da kafaɗa, juyi ya nufi inda ya kamata, wuya ya zauna, makulli ya fita, gudu ya yi daidai da faɗin katako. Idon mai sana'a da hannunsa su ne jarinsa, kuma iyali gaba ɗaya da su suke ci. Rigakafi ya fi magani. Ka rubuta waɗannan abubuwa shida a bangon shagonka, ka koya wa yaranka su tun ranar da suka fara aiki.